Godiya ga mai shagon littattafai na wajen Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka.

Da na yi ritaya daga koyarwa na ƙudurta cewa bana zan koma wa littattafan da muka karanta muna yara. Ashe samunsu a Katsina jan aiki ne. Garin da Abubakar Imam ya yi karatu a kwalejinsa, ya kuma koyar a Midil, amma ka shiga shago ka tambayi littafinsa Ruwan Bagaja a yi maka kallon sheƙeƙe! Wani ko ɗago kai daga waya bai yi ba, ya ce su sai tambayoyin JAMB da WAEC. Wani kuwa ya sayar mini da Magana Jari Ce na jabu, tawada duk ta dushe, shafuka suna zubewa. Na mayar, ya ce an saya an saya.

A shagonka ne wani matashi ya miƙo mini kujera, ya ce, "Baba, Ganɗoki ya ƙare, amma za mu yi sautu daga Zariya." Ya karɓi lambata. Wallahi na ɗauka sallama ce irin ta 'yan kasuwa, sai ga kira. Da na zo, da kansa ya buɗe kwafin shafi-shafi, ya ga guda ya baje, ya canza mini tun ban lura ba.

Ganɗokin Bello Kagara, yayan Imam kuma Walin Katsina a zamaninsa, ya ba ni nishaɗi. Amma cikin littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, Shaihu Umar na Tafawa Balewa ne ya fi taɓa ni yanzu da furfura ta fito. Da ƙuruciya labarin yaron nake bi, bana kuwa wahalar uwar da ta shiga duniya nemansa ce ta hana ni sukuni. Matashin nan ne kuma ya haɗa ni da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Duk wanda ya san hanyar Jibiya da 'yan fasa-ƙwaurinta zai gane mutanen ciki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, makarantu da yawa ɗakin karatunsu a garƙame yake, ƙura da gara suna rabon abin da ya saura, masu makullin kuma ko a jikinsu.

Alhaji, ka riƙe yaron nan da kyau. Allah ya ƙara kasuwa, ya yi masa albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Katsina