Kanwa ba ta kashe tsamin da ke cikin ƙwayar jini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wata magana ce ke yawo a unguwanninmu na Aboabo da Asawase a Kumasi, cewa ciwon sikila tsamin jiki ne, don haka a riƙa ba yaro ruwan kanwa ko ruwan alkalin (alkaline, mai kashe tsami) na kwalba. Tsami kam yana da hannu a ciwon, amma maganin da ake tallatawa ba ya kaiwa wurin.

Ana auna tsami da ma'aunin pH. Lambar na sauka, tsami na ƙaruwa. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, cikin ƙwayoyin jiki kuwa wajen 7.2 ne. Kada a raina ɗan motsin lambar nan: daga 7.2 zuwa 6.9 tsamin ya ninka sau biyu ke nan.

Idan zazzaɓin sauro ko gudawa ta ƙarar da ruwan jikin yaro, jini ya rage gudu, iskar oksijin ba ta isar nama, sai tsami ya taru har cikin jar ƙwayar jini. Nan ne ɓarnar take. Tsamin kan sa himogilobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jar ƙwayar, ya saki iskar da ya ɗauko da wuri, shi kuwa himogilobin na mai sikila da zarar ya rabu da iska sai ya haɗe ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje. Tsamin kuma tamkar umarni ne ga wata ƙofa a bangon ƙwayar: ta buɗe, gishirin fotashiyam ya fice, ruwa ya bi shi. Ƙwaya ta bushe, abin da ke cikinta ya ƙara kauri, lanƙwasa ta ƙara sauri. Ga shi jar ƙwaya ba ta da wata hanyar samun ƙarfi sai ta farfasa sukari, sinadarin da ke jan ragamar wannan aiki kuwa sanyi yake yi cikin tsami. Lanƙwasassun ƙwayoyi su toshe ƙananan jijiyoyi, iska ta daɗa raguwa, tsami ya daɗa hawa.

To ina kanwa za ta shiga? Tumbi tsaminsa ya kan kai 2 a ma'aunin, ruwan alkalin a can yake ƙarewa. Huhu da ƙoda ne ke daidaita tsamin jini. Kanwa mai yawa kuwa gishiri ce ake lafta wa ƙodar da sikila ta riga ta raunana.

Abin da ke aiki shi ne ruwa a kai a kai, musamman da zafin rana, domin ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa. In gudawa ce, a dama ORS, garin gishiri da sukari na fakiti, da daidai ruwan da aka rubuta a fakitin, kada a rage ruwan wai don ya fi ƙarfi. In zafin jiki ya kai digiri 38.5, ko yaro yana numfashi da sauri yana jan sa da zurfi, ko yana kukan ƙirji, a nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Tun 1995 ake gwada jarirai sikila a Kumasi, kuma asibitin Komfo Anokye na da sashen masu ita. Iyayen da ba a gwada wa yaro ba su je su nema.

Naku,
Ma'aikacin ɗakin gwajin jini, Kumasi