Fankar Firjin Mota Mai Ɗaki: A Kula da Inda Ake Jawo Wuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu motocin nan da ake ƙerawa da ɗakin kwana da madafa a ciki, game da fankar da suke ƙara wa firji idan zafi ya tsananta. Aikin ba shi da wuya, amma yadda wasu suke haɗa wayarsa yana tayar mini da hankali ƙwarai.

A da yawa daga cikin waɗannan motoci, firjin ba shi da kwamfuresa, wato injin da yake kawo sanyi a firjin gida. Zafi ne yake tafiyar da shi, na gas ko na lantarki, wanda yake dafa haɗin amoniya da ruwa a bututun baya, sannan tururin amoniyar ya hau sama ya huce a jikin siraran faya-fayan ƙarfe. A jikin mota, bayan firjin, akwai tagogin iska biyu, ta ƙasa da ta sama. Idan iskar da take shiga ta tagar ƙasa ba ta samu fita ta tagar sama da sauri ba, sai zafi ya taru a baya, sanyi kuma ya ragu, musamman idan yanayi ya haura digiri 30 kuma rana tana dukan wannan ɓangare na motar. A nan ne ƙaramar fanka mai volt 12, irin ta kwamfuta, take da amfani. Wurinta yana kusa da tagar sama, tana tura iska mai zafi waje, nesa da harshen wutar gas.

Inda matsalar take shi ne wajen jawo wuta. A bayan firjin akwai waya mai kauri ta na'urar da take ɗumama haɗin amoniyar, wadda a motoci da yawa ba ta samun wuta sai injin yana aiki, don haka wanda ya jona fanka a kanta zai ga ta mutu da zarar ya kashe mota, alhali a lokacin ne aka fi bukatarta. Abin da ya dace shi ne a nemi wayar da take kawo wuta koyaushe daga batirin ɗaki, wato wanda yake ba kayan cikin ɗakin wuta, ba na injin ba, a tabbatar da ita da mitar gwajin wuta, domin launin waya yana bambanta daga wannan mota zuwa waccan. Sannan a sa fis na amfiya 1 dab da wurin da aka jona. Fankar ba ta cika jan abin da ya wuce amfiya 0.2 ba, shi ya sa wasu suke raina fis ɗin, suna mantawa cewa aikinsa kare waya ne idan ta goge ta taɓa ƙarfe.

Na ga wannan da idona ranar da na buɗe tagar bayan firjin wata tsohuwar mota da na saya. An murɗe wayoyin da hannu an naɗe su da tef, babu fis ko ɗaya, robar ɗaya daga cikinsu kuma ta narke ta manne a jikin bututun hayaƙi, tazarar ɗan yatsa daga bututun gas. Sai da na cire kan batir, na rufe tukunyar gas, kafin na iya taɓa komai. Motar da take girgiza a hanya tana bukatar mahaɗin da aka matse da filaya, da waya ɗaurarriya nesa da duk abin da yake zafi.

Ina kuma ba da shawarar a sa makunnin nan mai jin zafi a jikin faya-fayan, irin wanda yake kunna fanka da kansa idan ƙarfen ya kai kamar digiri 50, ya kashe ta idan ya huce, domin kada batir ya yi ta zuba cikin dare. Duk ramin da aka huda don wuce waya zuwa cikin ɗaki a toshe shi sosai, saboda hayaƙin gas ba shi da wari kuma yana kisa. Idan bayan haka firjin bai yi sanyi ba, a duba ko motar a karkace take, domin irin wannan firji ba ya aiki sai a kan daidai.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku