Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Land Rover, Direbobi da Makanikai a Tsaunin Mambila

Assalamu alaikum iyayenmu masu motoci, 'yan uwa direbobi da makanikai, da yaranmu masu koyon aiki. Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a zauren taro. Wannan takarda ta aikin ƙarfe ce.

Yawancin motocin mambobinmu Series III ne masu dogon shasi, wato 109, waɗanda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985, sai 'yan Series IIA da suka girme su. Ƙaramar cikinsu ta kai shekara 40, kuma har yau su ke ɗauko masara, dankali, ayaba da fasinja daga ƙauyuka zuwa Gembu, Nguroje da Maisamari, a hanyoyin da ƙananan motoci ba sa shiga da damina. A taron farkon shekara kun amince cewa a bana birki ne gaba da komai, ƙarfin inji ya biyo baya. A kan wannan shawara aka tsara kusan duk aikin.

Duba birki kafin saukar ruwa

Kafin damina ta kankama an buɗe duba na bai ɗaya, kowace mota aka ɗaga ta aka cire duram huɗu. Abin da aka fi samu shi ne takalmin birki jiƙe da man giya. Direba zai ce birkinsa ya mutu, a sa masa sabon takalmi, bayan 'yan makonni ya dawo da kuka iri ɗaya, domin ba a taɓa tushen ciwon ba. A saman kowane aksul, wato kwankon ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, akwai ɗan hancin shaƙar iska. Jar lakar nan tamu kan toshe shi, aksul ya yi zafi a tafiya, iskar ciki ta kumbura ta rasa mafita, sai ta tura mai ta robar hob ya zubo cikin duram. Saboda haka tsarin da muka bi shi ne: a kwance hancin a wanke shi da fetur har ƙwallon cikinsa ya riƙa motsi, a canja robar hob, a duba zoben ƙarfen da robar ke gogawa a kai. In zoben ya yi kwari, sabuwar roba ba za ta riƙe ba, sai an canja shi. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa. Mun hana ƙona shi a wuta a mayar, domin man yana sake tsattsafowa da zarar duram ya ɗauki zafi.

Birkin gaba na 109 mai inci 11 ne, da silinda biyu a kowace ƙafa, kuma iska tana son maƙalewa a ciki. Makanikan da suka daɗe a kansa sun nuna wa matasa dabarar: a sassauta ajasta gaba ɗaya don fistin ya koma ciki, a fara fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa da masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, a gama, sannan a ɗaure ajasta har taya ta tsaya, a saki kaɗan har ta juya ba gogawa. Wanda yake buga birki sau biyu kafin ya kama, galibi ajasta ce ta yi nisa, ba iska ba.

Man birki yana shan danshi daga iska, kuma wurinmu wurin hazo ne da ruwan sama na watanni masu yawa. Man da ya sha ruwa yana tafasa da wuri. A gangaren da ke sauka Mayo Selbe, direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji feda ta nutse ƙasa ba gargaɗi. Shi ya sa aka zubar da tsohon mai a duk motar da aka duba, aka sa sabon DOT 3 ko DOT 4 daga gwangwani rufaffe, aka kuma tsayar da doka: a sake shi duk shekara 2 aƙalla, kuma da lodi a sauko da giya ta biyu ko ta ɗaya, inji ya riƙe motar. Bututun ƙarfe da tsatsa ta ci an canja su. An samu wasu da aka matse bututun ƙafa ɗaya da filaya don tsayar da yoyo, aka ci gaba da aiki da ƙafa uku. Kwamiti ya ƙi sa hannu a kan irin waɗannan har sai da aka gyara, kuma muna godiya ga masu motocin da suka yi haƙuri da wannan tsanani.

Shaf da giyabos

Karyewar shaf ɗin baya tsohon ciwo ne. Aksul irin na Rover yana da shaf mai haƙora 10, kuma yakan karye ta can ciki, kusa da difarenshal. Abin da ke karya shi sananne ne: taya tana juyawa a banza cikin laka, direba ya ƙara wuta, sai ta cafki dutse farat ɗaya. An koya wa direbobi su ja jan liba su shiga ƙaramar giya tun kafin su faɗa laka, kada su jira sai mota ta kafe. Haka kuma kada a bar rawayan maɓallin da ke sa ƙafa huɗu a danne a kan kwalta, domin ƙafa huɗu a busasshiyar hanya murɗe shaf take yi tana cinye taya. Makanike ya zaro shaf lokacin sabis ya dubi haƙoransa. In sun fara karkacewa kamar igiyar da aka murɗa, kwanansa ya ƙare. Wanda ya samu aksul ɗin Salisbury mai haƙora 24, irin wanda ya zo da 109 na Series III, ya riƙe shi da kyau, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma shi muke ba da shawarar a sa wa tsofaffin IIA masu ɗaukar lodi.

Giyabos, tiransifa, aksul biyu da ƙwallayen ƙafar gaba duk man giya mai lamba 90 suke sha. A giyabos mun fi son GL-4 saboda zobban tagulla da ke ciki. Bayan ƙetare rafi mai zurfi a buɗe a duba: man da ya koma fari kamar nono ya sha ruwa, a zubar da shi ranar. Wuri ɗaya da kusan kowa ke mantawa shi ne relen sitiyari da ke cikin shasi ta gaba. Shi ma mai yake so, kuma bushewarsa ce ke sa sitiyari nauyi.

Inji

Injin fetur mai lita 2.25 ba ya neman abu mai yawa. An yi zaman horo ga yara masu koyo a kan saiti: tazarar tafet milimita 0.25 a bawul na shiga da na fita, kwantak 0.35 zuwa 0.40, fulogi 0.75 zuwa 0.80, jerin wuta 1-3-4-2, baƙin mai 20W-50 kusan lita 7 haɗe da filta. Kowane yaro ya yi da hannunsa da ma'aunin tsaga, ba da ido ba.

Abu biyu muke so mambobi su gane. Na ɗaya, muna zaune a tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, don haka inji yana rasa wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Buɗe kafireto ba ya dawo da wannan ƙarfi, sai dai baƙin hayaƙi, fulogi mai toka da fetur da ke wanke silinda. Na biyu, a wannan tsayi ruwa yana tafasa tun wajen digiri 95, saboda haka murfin lagireto mai riƙe matsi ba ado ba ne. Wanda ya toshe bakin lagireto da tsumma, motarsa za ta tafasa a hawa ko da injin lafiyarsa ƙalau.

Shasi da sifirin

Yawancin bodin alminiyam ne ba ya tsatsa, shi ya sa yake ruɗin mai saye. Shasin ƙarfe ne, kuma daga ciki yake ruɓewa inda laka ta kwanta. An bi da guduma ana ƙwanƙwasa gindin baya, kunnuwan da ke riƙe bodi, mazaunin sifirin da ƙasan ƙafar direba. Inda aka ji sautin ya mutu an yanke har ƙarfe mai rai, an sa faranti mai kaurin na asali. Liƙa faci a kan ruɓa ɓata wayar walda ce kawai. Ƙara ganyen sifirin barkatai don ɗaukar ƙarin buhuna shi ma mun yi magana a kai: sifirin ya daina lanƙwasa, duk dukan hanya ya koma kan shasi, sai ya tsage.

Maganar canja inji

Mambobi da dama sun tambayi kwamiti game da sa injin gas na 200Tdi. Yana da sauƙin shan mai, kuma ƙarfinsa ya haura doki 100, alhali na asali bai kai 80 ba. Matsayinmu shi ne ƙungiya ba za ta hana ba, amma giyabos na Series da shaf mai haƙora 10 ba don wannan ƙarfi aka yi su ba. Wanda zai yi, ya fara da birki mai layi biyu da na'urar ƙara ƙarfin birki (servo), sannan aksul ɗin Salisbury, inji ya zo a ƙarshe. Gyare-gyaren da muka ga amfaninsu da kuɗi kaɗan su ne sa altaneta a madadin dainamo a tsofaffin IIA, haɗa tiyo daga hancin aksul zuwa sama, da sabunta waya tare da sa fis.

Kayan gyara da abin da ya rage

Sayen haɗin gwiwa ya rage tsada, amma jabun kaya sun dame mu, musamman robar hob, kayan masta da kwandansa. Daga yanzu sai makanikai biyu sun duba kaya kafin a biya. An ajiye sifanar notin hob, ma'aunin ɗauri da abin zaro boris a ofis don aro, kuma muna roƙon a daina kwance notin hob da kurfi da guduma. A lura cewa kusoshin motar nan gauraye suke, akwai na inci akwai na mita a na baya-bayan nan, kada a tilasta wa noti shiga inda ba nasa ba.

Ba a kammala duba birkin hannu ba, wanda ke bayan tiransifa kuma shi ma mai kan jiƙa shi. Da shi za a fara a duban rani mai zuwa, tare da littafin sabis da za a sa a kowace mota. Waɗanda motocinsu ba su zo duban bana ba su ba sakatare lambar mota kafin a tashi taro.

Allah ya tsare mana hanya. Wassalam.

Kwamitin Gudanarwa