Baba na tambayar shekara nawa suka rage masa, me zan ce masa?

Assalamu alaikum Likita,

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka na wannan fili. Na daɗe ina sauraron shirin nan ban taɓa rubutowa ba, sai yau da abu ya sha mini kai.

Mahaifina ne aka yi wa tiyatar ciwon dajin maƙogwaro mako uku da suka wuce. Shekarunsa 63. Da farko cewa yake kamar wani abu ya tsaya masa a wuya, sai kunnensa na dama ya riƙa ciwo, daga baya muryarsa ta dishe. Muka ɗora laifin a kan tabar da ya daɗe yana sha. Sai da wani ƙullutu ya fito a gefen wuyansa muka kai shi asibiti. Aka ciri tsoka aka auna, aka ce kansa ce, kuma ta yi nisan da sai an cire akwatin muryar gaba ɗaya, tare da kaluluwar wuya. Alhamdulillahi an yi aikin lafiya. Yanzu ta wata huda a ƙasan wuyansa yake numfashi, murya kuwa babu. Littafi da biro ne bakinsa.

Ranar da aka sallame mu, ina gyara masa ƙyallen da ke rufe hudar, ya miƙo mini littafin. Ya rubuta: "Shekara nawa suka ce?" Na yi kamar ban gani ba. Washegari ya sake buɗe shafin, ya ja wa tambayar layi biyu a ƙasa, ya ajiye a kan cinyata. Likita, hannuna rawa ya kama yi.

Ga abin da likitansa ya gaya mana bayan sakamakon awo ya fito. Gefen naman da aka yanke tsaf yake, babu kansa a jikinsa. Amma an same ta a kaluluwa biyu, sai dai ba ta fasa fatarsu ta fito ba. Ya ce mataki na 4A ne. Da na ji "huɗu" sai da na nemi wurin zama. Ya kwantar mini da hankali cewa a ciwon maƙogwaro, 4A ba ya nufin ta kai huhu ko hanta, kuma da niyyar warkarwa ake yi masa magani. Ya ce a fara gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin kansa, kafin a cika mako shida da tiyata, kwana biyar a mako, har wajen mako shida. Na tambaye shi shekarun, ya ce ba ya yanke wa mutum ɗaya lokaci.

Da dare ya yi barci ya ƙi zuwa, na ɗauki waya na shiga intanet. Na ga alƙaluman Amurka: cikin mutum 10 masu wannan ciwo, wajen 6 na raye bayan shekara biyar. Idan bai fita daga maƙogwaro ba, kusan 8 ne. Idan ya shiga kaluluwar wuya, kamar na Baba, bai kai rabi ba. Na kuma gane dalilin da ya sa namu ya ɓoye mana. Wanda ya fara a kan jijiyoyin murya da wuri yake tona kansa da dishewa, kuma ba ya saurin bazuwa. Na Baba daga samansu ya fara, inda hanyoyin kaluluwa suke da yawa. Daga nan na faɗa kan wani ma'auni da ake zuba shekarun mutum, da girman ƙarin, da yawan kaluluwar da ta kamu, ya ba ka lamba. Na zuba, na danna. Ya ba ni. Ban faɗa wa kowa lambar ba, kuma tun daren take bina ko'ina.

Na san rai a hannun Allah yake. Na kuma san lambar nan ta dubban mutane ce, wasu an yi musu magani shekaru da dama baya, wasu ba su bar taba ba, Baba kuwa tun ranar da aka faɗa masa bai ƙara taɓa ta ba. Na fahimci "shekara biyar" ma'aunin likitoci ne, ba wa'adi ba ne. Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda a ce lambar ba komai ba ce.

A gida kan ya rabu. Yayana ya ce a gaya masa an cire komai, ya warke, a wuce wurin. Umma ba ta ma son a ɗauko zancen. Ni kuwa na san mahaifina. Mutum ne mai son a faɗa masa magana yadda take, kuma da ido yake gane ƙarya. An riga an raba shi da muryarsa, ban ga adalci a raba shi da sanin halin da yake ciki ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Shekaranjiya ya rubuta mini: "Gashin dole ne?" Idan ya ɗauka ya warke, ina tsoron ya ƙi zuwa gashin, ya kuma yi wasa da komawa asibiti, alhali an ce a shekara biyun farko ciwon ya fi dawowa. Idan kuma na faɗa masa abin da na gani, ina tsoron ya karaya ya daina cin abinci, ga shi dama ya rame.

Don Allah Likita, wannan ma'auni abin dogaro ne ga mutum ɗaya, ko ɗaukar wa kaina kaya na yi? Tsabtar gefen naman da rashin fashewar kaluluwar, har ina suke ɗaga mutum sama da lambar gama-gari? Ni ya kamata in amsa masa, ko in roƙi likitansa ya zaunar da mu gaba ɗaya ya yi bayani Baba na ji? In kuwa ni ce, da wace kalma zan fara?

Ranar Litinin za mu koma a auna shi don shirin gashi. Ina so in samu abin da zan ce masa kafin nan, domin har yanzu bai juya shafin nan ba.

Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Wata mai sauraronka