Wasiƙa zuwa ga Babana kan numfashin mai jego

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mai jego da ɗan angona.

Tun da muka yi waya jiya da daddare ban runtsa ba. Ka ce mini matarka tana haki in ta taka daga ɗaki zuwa tsakar gida, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kuma ta daina kwanciya, sai dai a tara mata matashin kai ta kwana a jingine. Ka faɗe shi a tsakiyar hira, har ka ƙara da cewa can gidansu sun ce sanyi ne ya shige ta, za a ƙara wa ruwan wanka zafi, a ƙara wa kunu kanwa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta a natse, ka kuma nuna wa wanda ya kamata.

Yau za ka kai ta asibiti. Kada ka jira ta yi arba'in, kada ma ka jira gobe.

Kana da inna da ba ka taɓa gani ba, ƙanwata da ke bi na. Haka nata ya fara, sati uku da haihuwa. Tari da dare, kumburi, in ta miƙe a gado sai ta zabura tana neman iska kamar an danne mata ƙirji. Muka ce sanyi ne. Ni da hannuna na riƙa tafasa mata ruwa safe da yamma, ina tsoma ganyen darbejiya ina fyaɗa mata, ni nake dama mata kunun. Ba ta kai arba'in ba. Allah ya jiƙanta. Kwananta ne ya ƙare, na sani, amma bayan na yi karatun ungozoma na gane abin da muka yi ta kallo ba mu fahimta ba, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa. Naman zuciyar ne ke saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. In mace ta kwanta, ruwan ƙafa ya koma ƙirji, numfashi ya sarƙe. Dalilin kwana a zaunen ke nan. Kuma ƙasarmu ta Hausa tana cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da shi, kusan mace 1 cikin masu haihuwa 100, suka ɗora alhakin a kan wankan jego da gashi da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka nuna cewa rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin wani sinadari a jini, da hawan jinin masu ciki suna da hannu sosai. Ko ma mene ne silar, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta riga ta gaji, in ka ƙara mata ruwa da zafin wuta, ka ɗora wa raƙumin da ya durƙusa kaya.

Ban ce lallai shi ne ba, ba a gane ciwo ta waya. Ƙarancin jini ma na sa haki, kuma ka ce ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa. Hawan jini na iya tasowa bayan an sauka lafiya. Jini kuma kan daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Duk cikinsu babu wanda ake jinyarsa a gida.

In kun je, kada ka tsaya a kan "tana jin jiki". Ka faɗi ranar da ta haihu, da kwanan zaune, da kumburin. A auna hawan jini, a duba yawan jininta, a yi hoton ƙirji da hoton zuciya. In ƙaramin asibiti ne ba su da na'urar, su ba ku takarda zuwa babba. In kafin nan ka ga numfashin ya sarƙe tana zaune, ko ƙirji na ciwo, ko tana tarin kumfa, ko leɓenta ya canza launi, ko ta suma, ka ɗauke ta nan take ko da tsakar dare ne, a jingine, kada a kwantar da ita a mota.

Na san abin da ke riƙe ka: kunyar surukai. Tana gidansu wankan gida, kana ganin rashin ladabi ne ka saɓa wa mahaifiyarta. Ita ma ƙaunar 'yarta take yi, abin da aka yi mata take yi mata, kamar yadda na yi wa ƙanwata. Bar mini wannan, yanzu zan kira ta mu yi magana ta manya. A dakatar da kanwa da gashi, a rage gishiri, ta yi wanka da ruwa mai ɗumi. Amma matarka ce, amanarta na wuyanka, kai za ka nemo mota.

Da yawa na ga sun warke sun koma harkokinsu, waɗanda aka kawo da wuri suka kuma riƙe magani. Idan an ɗora ta a kai, ta sha har sai likita ya ce ta bari, ko da kumburin ya saɓe. Ku tambayi wanda ya dace da mai shayarwa. Maganar wani cikin kuwa, sai likita ya sake duba zuciyar ya yarda. Ku yi tazara, kada ka ji nauyin tambaya.

Na tura maka abin da ke hannuna ka ƙara. Motar farko zan shigo da safe, in sha Allahu, in riƙe mata yaron. Kuna isa asibiti ka kira ni.

Allah ya ba ta lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka