Dabarar Ignatiyef ta ci a Bejin, ta faɗi a Balin

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan Nikolai Ignatiyef (1832–1908), ɗan babban gida, janar kuma jakadan Rasha, wanda ake yawan yaba wayonsa ba tare da an duba inda wayon ya gaza ba.

A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka kutsa Bejin, sarkin Sin ya tsere. Ignatiyef, wakilin Rasha a ƙasar Sin, yana ɗan shekara 28, ba runduna a bayansa, sai ya yi baki biyu: can yana ba Turawan shawara, nan yana nuna wa Yarima Gong, ƙanen sarkin da aka bar wa sasantawa, cewa shi zai lallashi Turawan su janye. Alhali dama haramar tafiya suke yi kafin hunturu ya rutsa da su. Ladan wannan "ceto" shi ne yarjejeniyar 14 ga Nuwamba, wadda ta miƙa wa Rasha duk ƙasar da ke gabas da kogin Usuri har bakin teku, inda birnin Biladibostok yake. Ko harsashi ɗaya bai harba ba.

Daga 1864 zuwa 1877 yana jakada a Istambul, har Turkawa suka laƙaba wa babban waziri Mahmud Nedim Pasha "Nedimof", suna irin na Rashawa, saboda yadda yake jin maganarsa. Bayan yaƙin Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya tsara yarjejeniyar San Stefano ta 3 ga Maris 1878, wadda ta ƙirƙiro Bulgeriya tun daga kogin Danub har tekun Ejiyan.

A nan ƙafa ta zame. Tun Janairun 1877 Rasha ta yi wa Ostiriya alkawari a Budapest cewa ba za a kafa babbar ƙasar Silabawa (dangin Rashawa da Bulgeriyawa) a yankin Balkan ba, a kan haka Ostiriya ta kame hannu daga yaƙin. Ga jiragen yaƙin Ingila sun riga sun shigo tekun Marmara, sojojin Rasha kuma cuta ta ci ƙarfinsu. A taron manyan ƙasashen Turai a Balin, Yuni zuwa Yuli 1878, aka raba Bulgeriyar gida uku, ɗaya daga ciki, Masedoniya, ta koma hannun sarkin Daular Usmaniyya. Ko cikin tawagar Rasha ba a sa Ignatiyef ba.

Muƙaminsa na ministan cikin gida, 1881 zuwa 1882, abin kunya ne: a lokacinsa aka fitar da Dokokin Mayu da suka hana Yahudawa sabon zama a ƙauyuka. Bulgeriya kuwa har yau 3 ga Maris, ranar yarjejeniyar San Stefano, ce ranar ƙasarta, kuma akwai babban titi mai sunansa a Sofiya, babban birninta.

Na gode.
Mai karatunku