Robar bayan jirgin ruwa: a canza ta tun kafin ta fara yoyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu ƙananan jiragen ruwa, da makanikan da ke kula da su, a kan wani ɓangare da ba a cika waiwayarsa ba sai ɓarna ta auku, wato robar nan mai ninki-ninki da ke tsakanin bangon baya na jirgi da ƙafar da ke ɗauke da farfela.

Jiragen da nake magana a kansu su ne waɗanda injinsu yake zaune a ciki, amma giya da farfela suna waje a jikin wata ƙafa da aka ɗaura a bayan jirgin. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fito da wannan tsari kasuwa a 1959 da sunan Aquamatic, sannan kamfanin Mercury na Amurka ya biyo baya da MerCruiser a 1961. Domin ƙarfin inji ya isa ga farfela, dole ne a huda bangon baya, shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa da ke ɗaukar ƙarfin injin, ya ratsa ta wannan huda. Ita kuwa ƙafar ba a tsaye take cak ba, tana juyawa dama da hagu idan an murza sitiyari, tana kuma ɗagawa sama ko ta sauka ƙasa. Saboda haka ba za a iya toshe wurin da abu mai tauri ba, sai da roba mai miƙewa da tsukewa kamar zugazugin maƙera. A samfurin Alpha na MerCruiser irin wannan roba guda uku ce: babba wadda ta lulluɓe shaf da gaɓoɓinsa, da wadda hayaƙin inji ke bi, da 'yar ƙarama wadda wayar giya ke ratsawa ta cikinta.

Ba duka ukun ne haɗarinsu ɗaya ba. Idan ta hayaƙi ta yage ko ta kwance, abin da za a fara lura da shi shi ne ƙarar inji ta ƙaru, kuma galibi gyara ne da zai iya jira a dawo gaɓa. Babbar da ƙaramar kuwa suna cikin ruwa ne muddin jirgi yana tsaye, kuma bayansu hanya ce kai tsaye zuwa cikin jirgin. Tsaga ɗaya a cikin ninkin babbar ta isa ruwa ya shiga ya wanke giris ɗin boris ɗin da shaf ke juyawa a cikinsa, ya sa gaɓoɓin shaf su yi tsatsa, daga nan ya malala zuwa ƙasan jirgi. Ƙaramar ma, duk da ana raina ta, tana iya nitsar da jirgi idan aka bar shi a ɗaure babu kowa a kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda famfon da ke kwashe ruwan ƙasan jirgi yake ɓoye wannan matsala. Mai jirgi zai zo ya tarar da ƙasa a bushe, ya ɗauka lafiya lau, alhali famfon ne ya kwana yana tashi da kansa yana zubar da ruwan da ke shigowa. Ranar da batir ya mutu, ko datti ya toshe famfon, babu sauran abin da zai tare ruwan, kuma yayin da bayan jirgin ke ƙara nauyi yana nitsewa, ruwan yana ƙara shigowa da ƙarfi. Duk wanda ya ga famfonsa yana yawan tashi ba tare da an yi ruwan sama ba, to kada ya gode wa famfon ya wuce, ya haska tocila a bayan inji ya nemi inda ruwan ke tsattsafowa.

Akwai alamomin da kunne ke kamawa. Gurnani ko ƙugi daga baya, wanda ke ƙaruwa idan an karya sitiyari har ƙarshe, yawanci yana nuna boris ya sha ruwa. Ƙwanƙwasa a lokacin kwana, ko a lokacin da aka ɗaga ƙafar inji yana aiki, tana nuni ga gaɓoɓin shaf. Giya da ta fara tauri wajen shiga kuwa tana iya zama alamar ruwa ya shiga wayarta. Sai dai duk waɗannan alamomi ne na bayan ɓarna, domin kafin a ji su ruwa ya riga ya daɗe a inda bai kamata ba.

Shi ya sa nake ganin dubawa da ido da hannu, jirgi yana kan tudu, ita ce hanyar da ta dace. A kashe inji, a cire makulli, a ɗaga ƙafar sama, a tokare ta yadda ba za ta faɗo wa hannun mutum ba, sannan a juya ta zuwa ƙarshen dama a duba gefe guda, a mayar da ita ƙarshen hagu a duba ɗaya gefen. A buɗe kowane ninki da yatsa, domin tsagar tana farawa ne daga can cikin lungun ninkin, inda ido ba ya kaiwa idan robar tana tsuke. Roba mai lafiya tana da laushi, tana komawa yadda take idan an sake ta. Wadda ta bushe, ko ta yi ƙananan tsage-tsage, ko take barin baƙi a yatsa, ta gama aikinta ko da ba ta fara yoyo ba. A duba zoben ƙarfen da ya matse bakinta, ko ya yi tsatsa ko ya goce daga gurbinsa. A cire igiyar kamun kifi da ta naɗe a wurin, a kuma kankare ƙananan halittu masu ɓawo da ke mannewa a ruwan teku, domin kaifinsu yana yanka robar duk lokacin da ta tsuke. A yi wannan da abin da ba shi da tsini, kuma kada a wanke ta da fetur.

Rana da tsufa suna cin roba ko da ba a taɓa jirgin ba, amma akwai wata ɗabi'a da ke gaggauta lalacewarta, wato ajiye jirgi na tsawon watanni ƙafar tana ɗage sama. A wannan yanayi gefe ɗaya na robar yana miƙe iya miƙewa, ɗaya gefen kuma yana matse, har ta saba da hakan ta tsage. Idan wurin ajiya ya ba da dama, a sauke ƙafar ƙasa, a daidaita sitiyari a tsakiya.

Game da canzawa, idan kamfani ya rubuta wa'adi a littafin da ke zuwa da injin, to wannan wa'adin ya kamata a bi, ba kyawun robar a ido ba. Aikin yana buƙatar a cire ƙafar gaba ɗaya, kuma wahalarsa tana wajen cirewar ne, ba wajen kuɗin robar ba, don haka ban ga hikimar canza guda ɗaya a bar sauran da suka tsufa tare da ita ba. Da zarar ƙafar ta fita, a leƙa cikin babbar robar. Ruwa ko tsatsa na nufin a gwada boris da gaɓoɓin shaf da hannu, a canza duk wanda ke kartar yatsa ko yake cijewa. Man giya a wurin kuwa yana nufin wani zoben da ke hana mai yoyo ne ya lalace a jikin ƙafar, wanda sabuwar roba ba za ta magance ba. A goge gurbin tas, a shafa gam ɗin da aka tanada domin wannan aiki inda littafin ya ce a shafa, a lura da alamar da ke nuna gefen da zai kalli sama, a ajiye notin zoben a inda ba zai goga wa komai ba idan ƙafar ta juya. Kafin a mayar da ƙafar, a gwada daidaiton inji da sandar awo ta musamman, a sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo.

Bayan an mayar da jirgi ruwa, kada a kwance igiya a tafi nan take. A buɗe murfin inji, a tsaya ana kallon bangon baya daga ciki yayin da wani ke juya sitiyari yana ɗaga ƙafar yana sauke ta, a kuma sake dubawa washegari kafin a yarda a bar jirgin ya kwana a ruwa babu mai gadi.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum